Idan Ƙasa Ɗaya Ta Sa wa Hayaƙi Farashi, Duniya Za Ta Ji a Jikinta?

A ranar 17 ga Yulin 2014 majalisar dattawan Ostireliya ta kaɗa ƙuri'a, 39 da 32, ta soke harajin da ƙasar ta ɗora wa hayaƙin kabon. Shekara biyu kacal ya yi a raye. Gwamnatin Julia Gillard ce ta kawo shi, ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2012, kuma kowane tan na iskar kabon da manyan kamfanoni suka saki sama sai sun biya dalar Ostireliya 23 a kansa. Jagoran 'yan adawa Tony Abbott ya ɗaura ɗamarar yaƙi da harajin, ya ci zaɓen 2013 da alkawarin tumɓuke shi, ya kuma cika alkawari.

Hujjojin masu adawa suna da yawa. Sun ce kuɗin wuta ya tashi, kuma ya tashi ɗin. Sun ce kafin zaɓen 2010 Gillard ta yi alkawarin ba za ta kawo irin wannan haraji ba, kuma ta yi alkawarin. Amma hujjar da ta fi shiga zukatan mutane, wadda har gobe ba ta mutu ba, ta lissafi ce. Duk hayaƙin Ostireliya bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100 na hayaƙin duniya ba. A shekarar 2011 kaɗai, ƙarin da ƙasar Sin ta yi a kan hayaƙinta na shekarar baya ya zarce duk abin da Ostireliya ta fitar. To mu ƙuntata wa kanmu, in ji su, mu jefa masana'antunmu cikin wahala, saboda me?

Ina ganin tambayar nan ta cancanci a zauna mata. An yi ta a Kanada, an yi ta a Faransa, an yi ta a Afirka ta Kudu, kuma duk ranar da zancen ya kankama a Abuja ko Yamai za a yi ta, da hujjar da ta fi ta Ostireliya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tushen matsalar yana cikin halin iskar ita kanta. Hayaƙin janareta mai shi yake shaƙewa da maƙwabcinsa, saboda haka in unguwa ta hana shi, unguwar ce za ta shaƙi iska mai daɗi. Iskar kabon ba haka take ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, da zarar ta hau sama sai ta gauraye da iskar duniya, wani kaso nata ya zauna ɗaruruwan shekaru yana riƙe zafi kamar bargo. Tan ɗin da aka saki a Sidni da wanda aka saki a Shanghai ɓarnarsu ɗaya ce ga manomin Haɗeja, wanda ya ga gonarsa ƙarƙashin ruwa a ambaliyar 2022, ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. Wanda ya rage hayaƙi shi kaɗai yake biyan kuɗin ragin, ribar kuwa a raba wa mutum biliyan takwas. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kowace ƙasa ta fi son ta zama gardin.

Dabarar sa wa hayaƙi farashi tsohuwa ce. Tun 1920 wani masanin tattalin arziki na jami'ar Kambirij, Arthur Pigou, ya yi bayanin cewa idan sana'ar mutum tana cutar da waɗanda ba su cikin cinikinsa, a caje shi kuɗin cutarwar, shi da kansa zai nemo hanyar rage ta. Yau hanya biyu ake bi. Ko dai gwamnati ta yanka haraji, ta ce kowane tan kuɗinsa kaza. Ko kuma ta yanka iyaka, ta ce bana tan kaza kawai za a fitar, ta buga takardun izini daidai adadin, kamfanoni su saya. Wanda ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar takardunsa ga wanda ya kasa, kowace shekara kuma ana rage yawan takardun, farashinsu yana hawa.

Inda dabarar take cizo sai an duba lambobi. Litar fetur ɗaya tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, don haka harajin dala 50 a kan tan bai fi ƙarin santi 12 a lita ba. Mai mota zai yi gunaguni, ya sha mai, ya wuce. Amma tashar lantarki mai ƙona kwal tana fitar da kusan tan guda a kan kowace megawat ɗaya ta awa guda, mai ƙona iskar gas kuwa ƙasa da rabin haka. Ƙaramin haraji ya isa ya juya lissafi, tashar kwal da jiya ita ce mai araha ta wayi gari ita ce mai tsada.

Abin da ya faru a Birtaniya ke nan, kuma shi ne misalin da ya fi gamsar da ni. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga kwal yake. A 2013 gwamnati ta ɗora nata haraji a kan farashin kasuwar takardun izini ta Tarayyar Turai, wanda a lokacin ya faɗi warwas, daga 2015 kuma ƙarin ya kai wajen fam 18 a kan tan. Kafin 2017 ta ƙare kwal ya koma ƙasa da kashi 10. Ranar 30 ga Satumban 2024 aka kashe tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, shekara 142 bayan kunna ta farko a Landan. Harajin bai yi aikin shi kaɗai ba. Akwai tashoshin gas da ke zaune suna jira, akwai injinan iska da gwamnati ta tallafa aka kakkafa a teku, akwai dokokin tsaftar iska da suka riga suka tsufar da wasu tashoshin. Farashi yana aiki da sauri ne inda akwai madadi a kusa. Inda babu, sai dai ya zama nauyi a wuyan talaka.

Suwidin ta fi kowa daɗewa da haraji mai tsada. Ta fara a 1991 da kurona 250 a kan tan, yau ya haura 1,300, wato fiye da dala 100. Gidajen da ake ɗumamawa da baƙin mai sun koma ga ɓurɓushin katako da shara da na'urorin jan zafi, hayaƙin ƙasar ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku tun 1990, tattalin arzikinta kuma bai daina girma ba. A Tarayyar Turai, tashoshi da masana'antun da ke cikin kasuwar takardun izini tun 2005 sun rage kusan rabin hayaƙinsu. Ita ma Ostireliya, a shekara biyun da harajin ya yi, hayaƙin tashoshin wutarta ya sauka, aka soke shi ya sake hawa.

A cikin gida dai dabarar tana aiki, wannan an gama gardama a kansa. Sai dai Suwidin gaba ɗayanta wajen kashi ɗaya cikin 1,000 ce ta hayaƙin duniya. A shekarun da take ragewa, hayaƙin da duniya ke fitarwa daga man fetur da gas da kwal da siminti ya tashi daga wajen tan biliyan 22 a 1990 zuwa sama da biliyan 37. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Sin ne, sai Amurka, sai Indiya. Da Suwidin za ta kashe komai nata yau, ma'aunin da ke kan dutsen Mauna Loa a Hawai, wanda yake auna iskar kabon tun 1958, da ƙyar zai nuna alama.

Akwai ma abin da ya fi ƙanƙantar kaso muni, shi ne yoyo, wato hayaƙin da aka rage a ƙasa ɗaya ya ɓulla a wata. Mutumin kan iyakar Najeriya da Nijar ba ya bukatar malami ya koya masa wannan darasi. Shekara da shekaru fetur yana da araha a Najeriya saboda tallafi, yana da tsada a maƙwabta, sai jarkoki suka riƙa tsallakawa a bayan babura, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. Jami'an kwastan sun kama, sun ƙwace, ba su iya tsayar da abin ba, domin duk inda farashi ya bambanta tsakanin gefe biyu na iyaka, kaya sai sun nemo hanya. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, adadin man da hukuma ke cewa ana sha kullum ya faɗi, 'yan bumburutun tsallaken iyaka kuma suka ji a jikinsu. Darasi biyu ne a nan: farashi yana canza halin mutane, kuma bambancin farashi ba ya tsayawa a bakin shingen kwastan.

Harajin kabon irin wannan bambanci yake haifarwa, sai dai a nan masana'anta ce ke tsallakawa. Tan ɗaya na ƙarfen da aka narka da kwal yana fitar da wajen tan biyu na iskar kabon. Idan Jamus ta caji mai narka ƙarfe yuro 80 a kan kowane tan na hayaƙi, Indiya ba ta caji nata komai ba, mai saye zai karkata ga na Indiya. Masana'antar Jamus ta rage aiki, littafin lissafin Jamus ya yi kyau, hayaƙin kuwa yana nan, ya canza bututu ne kawai. In masana'antar can ta fi ta nan ƙazanta, hayaƙin duniya ƙaruwa ma zai yi. An gudu ba a tsira ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan yoyon bai kai yadda masu masana'antu suke kururutawa ba. Binciken da aka yi a kan shekarun farko na kasuwar Turai bai gano wata gagarumar ƙaura ba, kuma yawancin ƙiyasin masana yana nuna abin da ke zurarewa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rage ba. Masana'antar siminti ba teburin mai shayi ba ce da za a ɗauka a tsallaka titi da shi. Sannan mafi yawan hayaƙin ƙasa ba mai ƙaura ba ne: ba wanda zai kai ɗumama ɗakinsa wata ƙasa, ko ya je aiki a motar da ke tafiya a titin Indiya. Amma akwai dalili na biyu da ya sa ba a ga yoyon ba, wanda ba a cika son ambatawa ba. Turai ta riƙa raba wa masana'antun ƙarfe da siminti da taki takardun izini kyauta, farashin kuma ya daɗe a ƙasa, ya faɗi kusan sifiri a 2007, ya yi shekaru yana yawo a wajen yuro biyar zuwa takwas. Suwidin ma ta daɗe tana yi wa masana'antunta rangwame. Wato an toshe yoyon ne ta hanyar sassauta harajin a daidai wurin da ya kamata ya fi cizo. Sai a Fabrairun 2023 farashin Turai ya taɓa yuro 100, saboda haka ainihin jarrabawar yanzu ta fara. Kuma ƙaura ba lallai ta zo da hayaniya ba. Tsohuwar masana'anta tana nan, sabuwar ce ake ginawa a wani wuri.

Yoyo na biyu ya fi wuyar gani, ba shi kuma da shingen da zai tare shi. Idan Turai ta rage shan mai, buƙata ta ragu a kasuwar duniya, farashin ganga ya sauka, mai mota a Jakarta ko Legas ya samu sauƙi ya ƙara sha. Masanin tattalin arzikin Jamus Hans-Werner Sinn ya ƙara wani abu a kai tun 2008: mai rijiyar mai da ya hango kasuwarsa za ta mutu nan da shekara talatin, ba zai zauna jira ba, sauri zai ƙara ya kwashe ya sayar tun da sauran masu saye. Harajin kabon kuwa, kusan ko'ina, a bakin bututun hayaƙi ake karɓarsa, ba a bakin rijiya ba. Harajin Gillard bai taɓa hayaƙin kwal ɗin da ake lodawa a tashar jiragen ruwa ta Niyukasil da ke Ostireliya zuwa Japan da Koriya ta Kudu da Sin ba, alhali hayaƙin kwal da gas ɗin da Ostireliya ke fitarwa waje ya ninka na cikin gidanta fiye da sau biyu. Norwe ma tana da harajin kabon tun 1991, tituna cike da motocin lantarki, tana kuma cikin manyan masu sayar wa Turai mai da gas. Wannan ɓangaren yana damuna ƙwarai, domin a nan ne lissafin "kashi ɗaya kacal" yake ɓoye rabin labari.

Wanda ya biyo ni zuwa nan zai iya cewa ashe Abbott ya yi gaskiya. Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin yoyon shi kansa. Iyakar da hayaƙi yake tsallakawa, wasu abubuwan ma suna tsallaka ta.

Na farkonsu fasaha ce. A shekarar 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tilasta sayen wutar sola da tsada daga duk wanda ya kafa faranti a rufinsa. Jamusawa suka biya ta kuɗin wutarsu, kamfanonin Sin suka ga kasuwa suka gina manyan masana'antu, farashin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Yau mai shago a Kano da mai rijiyar burtsatse a Damagaram suna sayen farantin da ba don wancan kuɗin na Jamusawa ba, da bai zo hannunsu da wuri haka ba. Pakistan ta shigo da farantai masu yawan gaske a 2024 ba tare da wata yarjejeniyar yanayi ta tilasta mata ba, araha ce ta kira ciniki. Hayaƙin da aka kauce wa a wajen Jamus ta wannan hanya ya fi wanda aka rage a cikinta. Sai dai fa a lura, tallafi ne ya yi wannan aikin, ba haraji ba, kuma masu kishin harajin kabon ba su cika son a tuna musu ba. Haraji ya fi gwaninta wajen tura mutum ga abin da ya riga ya wanzu, kamar barin kwal a koma gas. Amma idan ya yi tsada ya kuma daɗe, shi ma yakan haifi sabon abu. Harajin Norwe ne ya sa tun 1996 ake mayar da iskar kabon ƙarƙashin teku a filin gas na Sleipner maimakon sakinta sama. A arewacin Suwidin kuma, kamfanin ƙarfe na SSAB da abokan aikinsa sun samar da ƙarfe da iskar haidurojin a madadin kwal, suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo kashin farko a 2021. Idan wannan hanya ta yi araha, masana'antun Indiya za su ɗauke ta don ribar kansu.

Na biyu kwaikwayo ne. Amurka ce ta fara gwada cinikin takardun izini a kan hayaƙin farar wuta, ƙarƙashin dokar 1990, Turai ta ɗauka ta ɗora a kan kabon a 2005, Sin ta aika jami'anta suka koyo, ta fara gwaji a Shenzhen da wasu birane da larduna daga 2013, ta buɗe kasuwar ƙasa baki ɗaya a Yulin 2021. A rana ɗaya tashoshin wuta fiye da 2,000, masu fitar da sama da tan biliyan huɗu, suka shiga ƙarƙashin farashi, a 2025 kuma aka ƙara ƙarfe da siminti da alminiyam. Bankin Duniya ya ce a 2025 wajen kashi 28 cikin 100 na hayaƙin duniya yana da wani irin farashi a kansa. Lambar tana da daɗin ji, amma farashin Sin yana yawo ne a wajen dala goma, tsarinta kuma ya fara ne da auna hayaƙi gwargwadon wutar da tasha ta samar, ba da yanka iyaka ga jimilla ba. Afirka ta Kudu ta fara da rand 120 a 2019, ta kuma yafe wa kamfanoni har zuwa kashi 95 na abin da ya kamata su biya. Duk kuɗin da gwamnatocin duniya ke tarawa daga farashin kabon bai fi dala biliyan 100 da ɗoriya a shekara ba, alhali a 2022 tallafin da suka zuba don sauƙaƙa mai da gas da kwal ya haura dala tiriliyan ɗaya. Hannun dama yana cajin hayaƙi kaɗan, na hagu yana biyan sa ninki goma.

Kwaikwayo don sha'awa ba ya nisa. Abin da ya canza wasan shi ne harajin kan iyaka da Tarayyar Turai ta ƙirƙiro, wanda ake taƙaita sunansa da CBAM. Daga Oktoban 2023 masu shigar da ƙarfe, alminiyam, siminti, takin zamani, haidurojin da wutar lantarki cikin Turai suka fara ba da rahoton hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan, daga Janairun 2026 kuma hayaƙin ya fara zama abin biya, ana janye takardun kyauta na masana'antun gida a hankali har zuwa 2034. Ƙullin dabarar yana cikin sharaɗi ɗaya: duk abin da mai kaya ya riga ya biya na kabon a ƙasarsa, za a cire masa. Sai ministan kuɗi a Ankara ya zauna ya yi lissafi. Kamfanonin ƙarfen ƙasarsa za su biya ko ta halin ƙaƙa, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓa, kuɗin su shiga baitulmalin Turai ko nasa. A Yulin 2025 majalisar Turkiyya ta zartar da dokar yanayi mai ɗauke da kasuwar kabon. Barazil ta kafa tata dokar a Disamban 2024, Indiya tana gina tata kasuwar duk da kakkausar sukar da take yi wa Turai, Birtaniya kuma ta ce nata harajin kan iyaka zai fara a 2027. Masanin tattalin arziki William Nordhaus, wanda ya samu lambar Nobel a 2018, ya daɗe yana cewa roƙo ba zai sa ƙasashe su shiga ba, sai an mayar da zama a waje ya fi shiga tsada.

Nan ne amsar tambayar take rabuwa biyu. Ƙarfin farashin kabon na wata ƙasa a wajen iyakarta ya dogara ga girman kasuwarta fiye da yawan hayaƙinta. Tarayyar Turai bai fi kashi shida zuwa bakwai cikin 100 na hayaƙin duniya take fitarwa ba, amma masu saye miliyan 450 ne masu kuɗi a aljihu, ba mai masana'antar da zai so a rufe masa wannan ƙofa. Ostireliya mai mutum miliyan 27 ba ta da irin wannan sanda. Suwidin ita kaɗai ba ta da ita, tana da ita ne a matsayinta na 'yar Tarayya.

Sai dai sandar ba ta tantance wanda take duka ba, kuma wannan ba zan iya wuce shi shiru ba. Afirka gaba ɗayanta wajen kashi huɗu cikin 100 take fitarwa. Mozambik, ɗaya daga cikin matalautan ƙasashen duniya, ta daɗe tana dogaro da sayar wa Turai alminiyam. Masar da Maroko da Aljeriya suna sayar mata da taki, Afirka ta Kudu ƙarfe. Turai ta ƙona kwal shekara ɗari biyu kyauta ta gina arzikinta, yanzu ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar kuɗin hayaƙi daga waɗanda ko wutar kirki ba su gama samu ba, kuɗin kuma ba su ake mayar wa ba. Ko aikin auna hayaƙi da cike takardu da ɗauko masu tantancewa nauyi ne da babban kamfani zai ɗauka cikin sauƙi, ƙarami ya durƙushe. Na yarda harajin kan iyaka shi ne abu mafi tasiri da aka ƙirƙiro a wannan fage, kuma ina ganin rashin adalci ne a riƙe kuɗin da aka karɓa daga matalautan ƙasashe maimakon a mayar musu su gyara tashoshin wutarsu da shi.

Mu ma muna da ɗan farashin kabon namu, ko da ba haka muke kiransa ba. Ƙa'idar 2018 ta ce babban kamfanin mai da ya ƙona iskar gas a banza a Najeriya zai biya dala biyu a kan kowace ƙafa 1,000 ta gas. In aka juya lissafin, ya kai wajen dala 35 a kan tan na iskar kabon, ya fi na Sin tsada. Amma wutar tana nan tana ci dare da rana a yankin Neja Delta, Najeriya kuma tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza. Farashin da ke kan takarda daban, wanda kamfani ya tabbata za a karɓa daga hannunsa daban.

Wannan tabbacin shi ne abin da Ostireliya ta rasa tun ranar farko. Tashar wuta shekara arba'in ake gina ta ta yi, masana'antar ƙarfe ma haka. Mai zuba jari yana kallon farashin da yake zaton za a caje shi nan da shekara ashirin fiye da na yau. Tun kafin harajin Gillard ya fara aiki Abbott ya sha alwashin soke shi, saboda haka kamfanoni da yawa suka biya na shekara biyu suka zauna jira. Faransa ta dakatar da ƙarin harajin mai bayan zanga-zangar masu rigar ɗorawa a ƙarshen 2018. Kanada ta ɗaga nata daga dalar ƙasar 20 a 2019 zuwa 80 a 2024, tana mayar wa magidanta mafi yawan kuɗin, amma mutane tsadar gidan mai suke gani kullum, kuɗin da ke faɗowa asusunsu sau huɗu a shekara kuwa da yawa ba su san na mene ne ba. Mark Carney, wanda ya yi shekaru yana kare farashin kabon, shi ne, da ya zama firaminista, ya mayar da kason da jama'a ke biya sifiri daga 1 ga Afrilun 2025, ya bar na manyan masana'antu. Kowace sokewa irin wannan ita ma tana tsallaka iyaka, domin 'yan siyasar wasu ƙasashe suna kallo, suna koyon cewa yaƙi da harajin yana kawo ƙuri'a.

Ostireliya ta dawo kan batun ta wata ƙofa. A 2023 gwamnatin Anthony Albanese ta gyara wata doka da ta gada, ta ɗora wa manyan ma'adinai da masana'antu wajen 215 iyakar hayaƙin da ke raguwa da kashi 4.9 cikin 100 kowace shekara har zuwa 2030, wanda ya ƙetare iyaka ya sayi takarda. An yi taka-tsantsan ƙwarai kada a kira abin haraji. A tsakanin nan tsofaffin tashoshin kwal irin su Hazelwood da Liddell sun rufe, kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar yana da farantin sola a rufinsa, mafi yawansu ƙirar Sin. A tashar Niyukasil kuwa jirage suna nan suna layi, ana loda musu kwal fiye da tan miliyan 100 a shekara.